Shirun da Auta Ta Koya wa Na'ura

Tun da Inna ta fara fama da jiri hankalin Auta bai sake kwanciya ba. Tsohuwar ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba ta barin ɗakinta, ga shagon ɗinkin Auta can wani gefen gari. Sai ita da yayanta suka sa mata na'ura mai lura da motsin mutum. In Inna ta daɗe ba ta motsa ba, wayar Auta ta yi ƙara.

Mai haɗa na'urar ya ce, "Wannan da kanta take koyo. In ta yi ƙara kika bincika kika ga lafiya, sai ki danna koren maɓalli a wayarki. Da haka take gane shirun da ba na damuwa ba."

Da farko, ƙara ɗaya Auta za ta yar da almakashi ta kira. Inna ta ɗauka da faɗa: "Wai mutum ba zai ɗan gyangyaɗa ba sai an kai ƙararsa? Ku cire min wannan magulmaciyar!"

Aiki ya yi yawa, masu kaya suka tsaya mata a wuya. Sai ya zama ƙafarta na kan keken ɗinki take danna kore, ba kira ba tambaya. Ai barci ne, me kuma? Na'ura kuwa duk dannawa sai ta ƙara tsawon jiranta. Ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɗauke. Auta har daɗi ta ji, wai abin ya yi hankali.

Ran nan da yamma Yaya ya kira. "Auta, kin ji Inna yau? Tun safe nake kira ba ta ɗauka."

"Na'ura ba ta yi ƙara ba, Yaya."

"Ke nake tambaya! Kin ji muryarta?"

Auta ta miƙe ta fita. Ko shagon ba ta rufe ba. A mota tana ta kira, wayar Inna na shiga ba a ɗauka.

A ƙofar banɗaki ta same ta kwance, buta a kife, ruwan da ya zube har ya bushe. Idon Inna a buɗe, tana kallonta, bakin ya karkace.

Likita ya ce, "Shanyewar ɓarin jiki ce. Da tun safe aka kawo ta, da mun iya yin wani abu."

Auta ta kira mai haɗa na'urar tana kuka, ta zazzaga masa masifa. Ya bari ta gama, sannan ya ce, "Ta lura da shirun, baiwar Allah. Amma kin sha gaya mata irin wannan shirun lafiya ne."

Inna ta rayu, sai dai har yau ba ta sake furta kalma ba.

Jama'a, na'urar da ke koyo da kanta halinmu take kwaikwayo, har da sakacinmu. Kada ku gaya mata lafiya ba ku bincika ba, kuma kada ku bar mata tsofaffinku. Ku kira, ku ji muryarsu da kunnenku.