Ƙasar Sawun Jibo

Bakin gulbi, hanyar Jiratawa, Jibo ya tare budurwarsa Zuliha yana murza hula. Nasara sun zaɓe shi ya tahi Faransi karatun ƙera jirgin sama.

"Zuliha, in kin ce in zauna, na haƙura."

Ta harare shi. "Ji sakarai! Ka zauna ka yi mini mi? Gadin gero?"

Ya juya jiki a sanyaye, ya ɗauka kora ce. Da ya waiwayo, sai ga ta durƙushe tana ƙulle ƙasar sawunsa a bakin kallabi, yadda ake wa matahiyin da ake so ya komo.

Jibo ya ce, "Na gode, Zuliha."

"Tahi dai! Ko sama ka hau, sawunka na hannuna."