Jan Ƙyalle a Tayar Keken Baba

Ana gobe jarrabawa, lissafi ya gagare ni. An ba mu sin x = ½, na rubuta digiri talatin kaɗai, malami ya soke.

Baba ya kife kekensa a tsakar gida, gefen cittar da Mama ta shanya, ya ɗaura jan ƙyalle a taya, ya tsayar da yatsansa a gefenta.

"Juya. Sau nawa ƙyallen ya kai tsayin yatsana?"

"Sau biyu, Baba. Da hawa, da sauka."

"Sake juyawa."

Na sake juya tayar. Ƙyallen ya dawo, ya kuma dawowa.

"Kin gani? Kowace amsa, yi ta ƙara mata ɗari uku da sittin. Abin da ke kan da'ira dawowa yake, 'yata."

Tun rasuwarsa keken na ɗakina a Kafanchan. Nakan juya tayar. Ƙyallen ne kawai ke dawowa.