Baban Kowa

Tun kafin kwalekwale ya gama tsayawa Samruai ta diro, ta haye matakalar haikalin bakin kogi, ta watsar da takalmanta a ƙofa.

'Yarta Lamduan na kwance a asibitin tsallake, likita ya riga ya ce sai haƙuri. Abu ɗaya yarinyar ta roƙa, a kawo mata Baba ta gan shi.

Duk garin Ayutthaya haka ake kiran babban sufin haikalin nan, shugaban masu ibadar da suka aske kai suka bar duniya, Baba. Wai in ya yayyafa maka ruwa ko kunama sai ta kauce maka. Ita dai Samruai ba ta taɓa zuwa neman albarkarsa ba, ga shi kullum tana hango rufin haikalin daga rumfar taliyarta.

Layi ta tarar har tsakar fili. Baƙi na ta ɗaukar hoto, wata mai hannu da shuni ta kawo sabuwar mota a sa mata albarka. Samruai ta bi layin da jan gwiwa kamar kowa.

Da ta iso gaban Baba ya shimfiɗa ƙyallen da sufaye ke karɓar sadakar mata a kai, don kada hannunsu ya taɓa na mace. Ba ta ɗora komai ba. Ta faɗi abin da ya kawo ta a hankali, kanta a sunkuye.

Ya ce damina ce, sufi ba ya barin haikali, mutuwa kuwa ba baƙuwa ba ce, duk abin da aka haifa sai ya tafi. Daɗin baki kam akwai shi. Ya ajiye farin zare kan ƙyallen, wai a ɗaura wa marar lafiyar a hannu. Idonsa har ya koma kan na bayanta.

Sai kawai ta miƙa hannu ta damƙe gefen mayafinsa.

Wani dattijo mai hidimar haikali ya zaburo. "Ke inna, kanki ɗaya kuwa? Mace da taɓa mayafin sufi? Cika shi kar ki ja wa kanki zunubi."

Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Prasit," ta ce wa Baba, sunansa na asali da aka daɗe da manta shi a garin. "Tsallaken kogi ne fa kawai. Ranar da ka aske kai ka shiga haikalin nan ka bar min ita tana rarrafe, ban ce maka uffan ba. Yau ka tashi ka je ka ga 'yarka."