Mai Kashe Tumatirin Goggo

"Akwai hannun mutum a cikin wannan abu," in ji Goggo, tana murza ganyen tumatirinta da ya yi rawaya. "Tun ina amarya nake shuka a gindin katangar nan, bai taɓa ƙi ba."

"Goggo, ko ƙasar ce ta gaji?" in ji surukarta.

"Ƙasa ba ta gajiya. Zuciyar mutane ce ke lalacewa."

Maƙwabciyarta take nufi, wadda kwanan nan ta rage gaisuwa, sai yawan leƙe ta kan katanga.

Washegari Goggo ta ɗauko kujera da sanda, ta zauna gadi. Hantsi ya yi, amma rana ba ta sauko tsakar gida ba. Ta ɗaga kai. Can gabas, inda babban birni ya tsallako kogi yana cin ɗan garinsu, wani sabon bene ya tokare sama. Inuwarsa ta hauro katanga, ta kwanta a kan shukar.

Sai ga kan maƙwabciya ya ɓullo, ita ma da sanda a hannu. Suka dubi juna, suka dubi benen.

"Barkonona ma ya mutu," in ji maƙwabciya a hankali. "Ashe ba ke ba ce."