Kwamishina da Tubabben Ɗan Daba

Kai da kake zumuɗin kujera, tsaya ka ji yadda ta kaya da wani kwamishinan 'yan sanda a wani babban birni. Mutum ne da bai san zama ba. An ce ko tuwo a tsaye yake ci, ƙafa ɗaya a cikin mota. Burinsa a ɗaga shi zuwa babbar hedikwata kafin ritaya ta cim masa, ga shi 'yan daba sun hana gari sakat. Ya yi sintiri, ya yi samame, ya yi ta sauya manyan jami'ansa kamar hula, shiru. Da haƙurinsa ya ƙare, sai ya kirawo gawurtaccen shugaban daba, aka sa shi ya ajiye wasu wuƙaƙe masu tsatsa a gaban 'yan jarida, aka ce ya tuba. Tubabbe kuwa ya yi aiki, don duk maɓoyar abokan gabarsa sai da ya nuna. Gari ya yi tsit. Kwamishina ya sha lambobin yabo har rigarsa ta karkace gefe guda. Masu tsegumi suka ce ai ba kashe dabar aka yi ba, tattara ta aka yi a hannun mutum ɗaya. Ya ce hassada ce.

Saura ƙiris a bayyana wanda za a ɗaga, sai yaran tubabbe suka fasa kan wani mai shago da rana tsaka a kasuwa, aka kama su. Kafin la'asar ga tubabbe a ofis, ya sha babbar riga, ya durƙusa har ƙasa. "Ranka ya daɗe, yaran nan fa namu ne, ni da kai. In suka kwana a nan, bakina ba zai kwana a rufe ba." Kwamishina ya kai gwauro ya kai mari, ya zauna, ya miƙe, ya leƙa taga. In ya riƙe su asiri ya tonu, in ya sake su kasuwa na kallo. Ya sake su. Washegari 'yan kasuwa suka rufe shaguna suka yi dafifi a ƙofar gwamna. Daga sama aka kira kwamishina, ba don ƙarin girma ba, don ya miƙa kaki. Tubabbe, da yake ɗan halak ne, har bakin gari ya yi masa rakiya da babura.

Ka ga abin da Hausawa ke faɗi ke nan: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.