Tsohon direba da ɗan jirgin da ya ƙi hayaƙi

Wani ɓangare na labarin nan ya kuɓuce mini, ka yi haƙuri da tsufa. Ko a Zariya aka yi shi ko a Kafanchan, ban iya rantsuwa ba. Abin da na riƙe shi ne, akwai wani tsohon direban jirgin ƙasa, na zamanin da jirgi ke cin kwal yana aman hayaƙi. Bayan ya ajiye aiki sai ya samu ɗan jirgin wasa, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, da taragunsa da ɗan dogonsa da ake shimfiɗawa a ƙasa a jona da lantarki. Ana ɗiga masa wani mai a bututu, ya riƙa tafiya yana hayaƙi kamar na gaske. Ko ɗansa ne ya aiko masa, ko a gwanjo ya tsinta, wannan ma ya tafi. Yana da aboki, wanda ya yi shekaru yana zuba masa kwal a jirgi, yanzu idanunsa sun mutu, ba ya ko fita. Direba ya aika masa cewa ya zo ran Juma'a, in ido bai gani ba, kunne zai ji, hanci zai shaƙa. Makaho ya sa aka wanke masa riga tun Talata.

Sai ɗan jirgi ya soma gardama. Ya taka kaɗan ya tsaya, ya yi tsalle, ya sake tsayawa, hayaƙin kuma ya koma kamar numfashin kyankyaso. Abin ya fi ba direba mamaki fiye da haushi. Shi dai a saninsa, in jirgi ya ƙi tafiya, ciwon yana cikin kan jirgi, magani kuwa mai ne. Ya kwance shi a kan faranti, ya leƙa nan ya busa can, ya ɗauko man keken ɗinki ya shayar da kowace gaɓa har tana ɗiga. Ya ɗaure ya ɗora, abin ya ƙaru. Ya sake kwancewa, ya kara a kunne ya girgiza, ya ƙara mai. Dogo kuwa ko kallonsa bai yi ba, don duk tsawon aikinsa bai taɓa sunkuyawa ya taɓa dogo ba. Wannan aikin leburorin hanya ne, shi daga sama yake hango su yana busa musu usur.

Juma'a ta yi, aka jawo makaho aka zaunar da shi a tabarma. Direba ya kunna, jirgi ya yi ɗan gurnani ya yi shiru. Makaho ya ce, "Direba, wannan ne jirgin, ko cikinka ne ke kuka?" Direba ya ce, "Kai dai tun kana da ido ba ka iya hura wuta ba, yau ma ƙafarka ce." Da ya ga ba abin ji, sai makaho ya miƙa hannu don ya gani da yatsu, yadda ya saba. Ya lalubi bututu, ya lalubi ƙafafu, ya bi dogo da ɗan yatsa, sai ya ɗago yana murzawa. "Wannan dogo ne ko kaskon mai ƙosai?" Direba ya duba, yatsan ya yi baƙi ƙirin. Don kunya kawai ya jawo tsumma ya goge gefen da ke gaban baƙonsa. Sai ga jirgi ya zabura, ya bi wurin da aka goge sumul, yana kaiwa inda tsumma ya tsaya shi ma ya tsaya cak. Direba ya sake ɗaukar tsumma. Ya ƙara gogewa gaba, jirgi ya ƙara gaba. Ya rarrafa ya zagaye dogon duka, ya goge ƙafafun jirgin, kafin ya koma mazauninsa hayaƙi ya turnuƙe. Makaho ya ɗaga hanci, ya ce a yi shiru, ya riƙa shaƙa yana kasa kunne.

Daga baya na tambayi wani mai gyaran rediyo, ya tabbatar mini cewa irin wannan jirgi ta ƙafafunsa yake shan wuta daga dogo, kuma wutar nan ce ke ɗumama man ya zama hayaƙi. Man da direba ya yi ta zubawa shi ne ya ɗiga, ya kama ƙura, ya toshe hanya. Shi ya sa Hausawa suka ce: ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.