Maginiyar da Ta San Ƙasa Biyar

Maman Iklima, yanzu don Allah wannan ce takardar tarihin aikin da za ki kai makarantar nan ranar Alhamis, a ɗauke ki koyarwa? Shekara goma sha ɗaya ina buga wa matan barikin nan takardu, ban ga wadda ta ci mutuncin kwamfutata kamar taki ba. Dubi nan: shekara uku, kin rubuta "bin miji". Nan ma shekara biyu, "bin miji". Sai ka ce mijin naki Saje raƙumi ne da ya tsinke akala! Gobe in ba a ɗauke ki ba, a ce Tanimu ne bai iya rubutu ba, ni da hannuna ya zaunar da mutum bakwai a ofis mai fanka. Ja kujera, in ba ki misali. Kyauta ne, yau da hannun dama na tashi.

An yi wata maginiyar tukwane da ta auri soja. Duk garin da ta fara sabawa da yumɓunsa, masu saye suka fara sanin ƙofarta, sai a yi wa mijin canjin wurin aiki, ta ɗaure kaya ta bar murhun gashinta da toka a ciki. Haka ta yi gari biyar. Da suka sauka a na shida, sai ta tarar ruwa ya cinye ramin da maginan garin suka gada suna ɗiban yumɓu, sun koma wani sabo, shi kuwa duk tukunyar da aka gina da shi sai ta tsage a wuta. Babbar maginiyar garin ta shiga neman mai taimaka mata. Matar sojan ta je, ta durƙusa, ta fara da ban haƙuri: ita dai ba ta taɓa daɗewa a ko'ina ba, ba ta da rumfa, ba a san ta a kasuwa ba. Tsohuwar ta saurare ta, ta yi mata fatan alheri, ta sallame ta. Wa zai ɗauki wanda ya zo yana lissafa abin da ba shi da shi?

Ta koma gida, tana kwance kayan da ba ta gama kwancewa ba, sai ga 'yan tukwanen da take ajiyewa don tunawa, ɗaya daga kowane gari. Washegari ta jera su a kwando ta koma. Wannan karon ba ta ba kowa haƙuri ba. Ta ɗaga ta fari, ta ce jan yumɓu ne mai danƙo, sai da yashi yake tsayawa, sati uku ta yi kafin ta gano kansa. Ta ɗaga ta biyu, baƙar ƙasar fadama, ita ƙaiƙayi take so. Ta uku sai an shanya ta a inuwa kwana tara. Tsohuwar tana karɓa tana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa, kowace tana amsawa ƙarau, babu tsaga. Ba ta bari an kai ta biyar ba, ta tura mata curin sabon yumɓun gabanta. Matan da suka shekara ashirin a rami ɗaya, ƙasa ɗaya suka sani. Ita ta san biyar, ta kuma san yadda ake lallashin baƙuwa. Kafin kasuwa ta zagayo sau biyu, ita ake tambaya yawan yashin da za a zuba.

To ɗauki biro, ƙanwata, ki daina kallona kamar na ci miki kaza. A Makurɗi ba ke kika tara yara arba'in a rumfar bayan masallaci kina koya musu karatu ba? Rubuta, da adadinsu. A Inugu wa ya riƙe ajin yaƙi da jahilci na matan sojoji wata goma sha takwas, da harshen da ba a haife ki da shi ba? Rubuta. Ƙarya ba zan ƙara miki ko ɗaya ba, duk da kin san na iya ta fiye da kowa a layin nan. Tukwanenki sun isa. Ke dai jera su inda shugaban makaranta zai ƙwanƙwasa da kansa, don masu iya magana sun ce gani ya kori ji.